Faifai 25 da Suka Ƙi Yi a Landan: Kyautar Obama ga Gordon Brown da Kullen Shiyya na DVD

A farkon watan Maris na 2009, Firaministan Birtaniya na lokacin, Gordon Brown, ya je Washington. Shi ne shugaban gwamnati na farko daga Turai da ya shiga fadar White House tun bayan rantsar da Barack Obama a watan Janairu. Babban al'amari ne ya kai shi: bankuna na durƙushewa, kasuwannin hannun jari na zubewa, ga kuma taron ƙasashen G20 da zai karɓi baƙuncinsa a Landan ranar 2 ga Afrilu. Ya gana da Obama ranar 3 ga wata, washegari ya yi jawabi a gaban zaman haɗin gwiwa na majalisun dokokin Amurka biyu. Sai dai abin da ya fi daɗewa a bakin jaridu daga wannan tafiya shi ne wani akwatin faya-fayan fim.

Al'ada ce shugabanni su yi musayar kyauta idan sun haɗu, kuma ba a zaɓar kyautar da ka. Brown ya zo da mazubin alƙalami da aka sassaƙa daga katakon HMS Gannet, jirgin yaƙin Birtaniya na zamanin Sarauniya Victoria wanda ya yi sintirin hana fataucin bayi. An yi shi ne don ya zauna a kan teburin aikin shugaban Amurka, teburin da shi ma da katakon wani jirgin Birtaniya aka yi shi, wato HMS Resolute, Sarauniya Victoria ta aika wa Shugaba Rutherford Hayes a 1880. Ya haɗa masa da takardar ƙaddamar da jirgin Resolute a cikin firam, da bugun farko na littattafan tarihin rayuwar Winston Churchill. Kowa ya ga kayan ya san an zauna an yi tunani: baƙar fata na farko da ya mulki Amurka, aka miƙa masa katakon jirgin da ya farauci masu safarar bayi.

Shi kuwa Obama, faifan DVD 25 ya bayar, na fitattun fina-finan Amurka, zaɓin cibiyar fina-finai ta ƙasar da ake kira AFI. Jaridun Birtaniya dama a ƙule suke, saboda an mayar wa ofishin jakadancinsu mutum-mutumin Churchill da ke ofishin shugaban Amurka tun zamanin George W. Bush, kuma ba a shirya wa Brown cikakken taron manema labarai irin wanda aka saba ba. Suka yi ca, suna cewa wannan ai kyauta ce da kowa zai iya shiga kanti ya saya. Wasu har suka tuno cewa Brown da ido ɗaya yake gani, na hagu ya mutu tun yana matashi sanadin rauni a wasan zari-ruga.

Kimanin mako biyu bayan haka sai ga abin da ya ƙara wa labarin gishiri. Tim Walker, mai shafin tsegumi a jaridar Daily Telegraph, ya ruwaito cewa da Brown ya zauna zai kalli ɗaya daga cikin fina-finan, na'urar ta ƙi karɓa ƙememe, sai rubutu ya fito a talabijin cewa faifan ba na wannan shiyya ba ne. Da aka tuntuɓi ofishin Firaminista da ke Downing Street, kakakinsa bai ƙaryata ba. Ya ce yana da yaƙinin duk kyautar da Obama ya bayar an yi tunani a kanta, ya kuma tura mai tambayar fadar White House don ta yi bayanin abin da ya shafi fasaha. Labarin ya zagaye duniya, aka yi dariya, aka wuce.

Ni dai a ganina an wuce da wuri, domin wannan ƙaramin abin kunya ya tona asirin tsarin kullen shiyya fiye da duk wata muhawara da aka yi a kansa.

Abin da na'urar ta karanta

Faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka. Babu ƙarzuwa, babu datti. Dukansu sun yi daidai abin da aka ƙera su su yi.

Lokacin da DVD ya fito, a Japan cikin Nuwamban 1996 sannan a Amurka cikin Maris na 1997, manyan kamfanonin fim na Hollywood sun gindaya sharaɗi kafin su yarda a sa fina-finansu a kan sabon faifan. Aka yanka duniya gida shida. Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta ɗauki Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, ta haɗo da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 kudu maso gabashin Asiya ce, da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong. Ta 4 ta haɗa Ostireliya da New Zealand da Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ta 5 kuwa nan aka zuba ragowar Afirka da Rasha da Indiya da maƙwabtanta da Mongoliya da Koriya ta Arewa. Ta 6 China ce ita kaɗai. Akwai lamba ta 7 da aka ajiye, da ta 8 ta jiragen sama da jiragen ruwan shaƙatawa. Kallo ɗaya za ka yi wa wannan taswira ka gane cewa ba malamin labarin ƙasa ne ya zana ta ba. Me ya haɗa Japan da Faransa, ko Meziko da Ostireliya, ko Kano da Mosko? Ƙarfin aljihun masu saye da jadawalin fitar da fim, su suka ja layukan.

Yadda kullen yake aiki kuwa har ya fi ba da mamaki saboda sauƙinsa. A cikin kowane faifan fim akwai wani ƙaramin fayil na bayanai mai suna VIDEO_TS.IFO. A cikinsa an ware gurbi takwas, kowane gurbi na wakiltar shiyya ɗaya, kuma ko dai a buɗe yake ko a rufe. Faifan da aka buga don Amurka, gurbi na farko ne kawai a buɗe. Ita kuma na'ura tun daga masana'anta an ba ta lambarta guda ɗaya. Da an sa faifai sai ta leƙa gurbin da ya dace da lambarta. In ta tarar a rufe, ta ƙi. Shi ke nan. Hoton fim ɗin yana nan, kuma na'urar tana da duk abin da take buƙata don ta nuna shi. Kamar maigadi ne a ƙofar da babu kwaɗo, an ce masa kada ya bar kowa ya shiga sai mai katin gida, shi kuma yana bin umarni. Faifan da aka bar duk gurabensa a buɗe shi ne ake rubuta wa 0 ko ALL a bayan kwali, a cikin ɗan hoton duniyar nan da lambar shiyya ke zama.

To me zai sa kamfanin da ke ƙera na'ura ya yarda ya rage wa kayansa amfani da hannunsa? Amsar tana ga wani tsari daban mai suna CSS, wanda kamfanonin Matsushita da Toshiba suka ƙirƙiro don dagula bayanan da ke kan faifai yadda ba za a kwafe su kai tsaye ba. Duk mai son na'urarsa ta iya warware faya-fayan Hollywood sai ya karɓi lasisi da makullan sirri daga ƙungiyar DVD CCA da ke jihar California, kuma cikin sharuɗɗan lasisin akwai cewa dole na'ura ta mutunta lambar shiyya. Babu majalisar dokokin wata ƙasa da ta zauna ta raba duniya gida shida. Yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni, aka ɗaure ta a jikin lasisi, ta zama doka a falon kowa, har da falon Firaministan Birtaniya.

A kwamfuta an ƙara tsananta abin. Daga farkon shekarar 2000, duk mazubin faifan DVD na kwamfuta sai da aka sa masa ma'ajiyar lambar shiyya a jikinsa, tare da ƙidaya. Mai kwamfuta zai iya sa lamba sau biyar. A karo na biyar ta kafe a nan. Ko ya sauya Windows, ko ya cire mazubin ya kai wata kwamfutar, ƙidayar tana biye da shi. Ɗalibai da ma'aikatan da ke yawo tsakanin nahiyoyi da laftof su suka fi shan wannan, domin mutum zai yi ta danna "sauya" bai lura da gargaɗin ba, sai wata rana ya tarar rabin faya-fayansa sun daina yi.

Matsala ta biyu, wadda ba ita ta kama Brown ba

Mutane kan haɗa kullen shiyya da wata matsala wadda asalinta daban ne, kuma raba su yana da amfani ga duk mai sayen faifai daga waje. Tun kafin DVD, talabijin ɗin duniya ya rabu. A wancan zamani Amurka da Kanada da Japan suna kan tsarin NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Birtaniya da yawancin Turai suna kan PAL, mai layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa. Faransa da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suna kan SECAM, wanda layukansa da saurinsa irin na PAL ne, hanyar aika launi ce ta bambanta. Wannan rabuwa daga wutar lantarki ta samo tushe: wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, injiniyoyin farko kuma suka daidaita saurin hoto da bugun wutar ƙasarsu. Babu wanda ya shirya ta don ya hana wani kallo.

DVD ya gaji wannan rabuwa. Faifan Amurka hotonsa ɗigo 720 ne a faɗi da 480 a tsaye, na Turai 720 da 576. Shi ya sa Japan da Birtaniya, duk da suna shiyya ta 2 tare, faya-fayansu ba iri ɗaya ba ne: na Japan NTSC, na Birtaniya PAL. Akwai ma wani abu da masu kunnen kiɗa kan kama. Fim ɗin silima hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, amma don ya hau tsarin PAL sai a ɗan hanzarta shi zuwa 25, wato kusan kashi 4 cikin 100. Fim mai tsawon awa biyu yakan rasa kimanin minti biyar a bugun Turai ba tare da an yanke masa komai ba, muryoyi kuma su ɗan yi sama.

A nan Birtaniya ce ke da sa'a. Kusan duk na'urar DVD da ake sayarwa a Turai tana iya karanta faifan NTSC, kuma talabijin ɗin da ke kasuwarsu a 2009 suna nuna shi ba gardama. A Amurka ne abin yake da wuya, domin yawancin na'urori da talabijin nasu ba su san PAL ba. Ke nan da ba don gurbin nan guda ɗaya da aka rufe ba, da Brown ya kalli fina-finansa lafiya. Da kuma Brown ne ya kai wa Obama faifan Birtaniya, da shinge biyu zai tarar, na shiyya da na tsarin hoto.

Hujjar da ta faɗi a wannan lamari

Hujjar da kamfanonin fim suka fi bayarwa ita ce jadawali. A shekarun 1990 sabon fim yakan fara fitowa a silimun Amurka, sai bayan watanni ya isa Turai ko Ostireliya. Dalili ɗaya shi ne tsadar buga nadin fim na silima, don haka akan jira a gama da nadin Amurka a tura wasu ƙasashen. Ga fassara da ɗora murya da tallace-tallace da jiran lokacin hutu na kowace ƙasa. Sai ya zama faifan fim zai iya shiga kantunan Amurka alhali a Landan bai ko shiga silima ba. In aka bar mutane suna odar faifan, masu silima a Turai za su yi asara. Wannan hujja ce mai kan gado, ko da mutum bai yarda da ita ba.

Amma a duba faya-fayan da aka ba Brown. Bisa jerin da jaridu suka wallafa, mafi sabunta a cikinsu na 1993 ne, mafi tsufa kuma tun zamanin fim marar magana ne, shekarun 1920. Babu ɗaya da ke jiran fitowa a wata silima a duniya. Wasu ma a ɗakunan shirya fim na Ingila aka ɗauke su, da ma'aikatan Ingila. Hujjar jadawali ba ta da wurin tsayawa a nan, amma kullen yana nan daram. Abin da ya rage shi ne dalilan da ba a cika son faɗa da ƙarfi ba.

Na farko, haƙƙin rarraba fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Fim ɗin Titanic na 1997 misali ne sananne: kamfanin Paramount ne ya rarraba shi a Amurka da Kanada, 20th Century Fox kuma a sauran duniya. Kowane mai riƙe da haƙƙi yana son tabbacin cewa faifan wancan ba zai ƙetaro ya ci masa kasuwa ba. Na biyu shi ne farashi. In za ka iya hana faifai ƙetare iyaka, za ka iya sayar da fim ɗaya da tsada a Landan, da rahusa a New York, da araha sosai a Bangkok, ba tare da wani ɗan kasuwa ya kwaso daga mai araha ya kai mai tsada ba. Wannan ne ya sa hukumomin da ke sa ido kan gasar kasuwanci suka ɗaga gira. A watan Yunin 2001, Mario Monti, kwamishinan gasar kasuwanci na Tarayyar Turai, ya sanar da bincike kan dalilin da ya sa DVD ya fi tsada a Turai fiye da Amurka. A Ostireliya ma hukumar kula da gasar kasuwanci ta ACCC, ƙarƙashin Allan Fels, ta fito fili ta gargaɗi masu saye cewa kullen yana taƙaita musu zaɓi.

Akwai dalili na uku da ya shafi Birtaniya musamman, wato tace fina-finai. Dokar faya-fayan bidiyo ta 1984 ta ce ba a sayar da fim a kantin Birtaniya sai hukumar BBFC ta duba shi ta sa masa alamar shekarun masu kallo. Faifan Amurka ba ya ɗauke da wannan alama, don haka mai kanti ba zai jera shi a kan kanta ba, ko da yake mutum na iya yin odar nasa don kallon kansa. Wani abin dariya shi ne, a watan Agustan 2009, Brown yana kan mulki, aka gano cewa dokar nan ba ta da ƙarfin gurfanar da kowa, domin gwamnatin 1984 ba ta sanar da Hukumar Tarayyar Turai ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Sai da majalisa ta sake zartar da ita a farkon 2010.

Wa kullen yake kamawa?

Da ɗan gidan maƙwabta ne aka ba faya-fayan nan, da a daren zai warware matsalar. Na'urori masu karɓar kowace shiyya a fili ake sayar da su a Birtaniya tun ƙarshen shekarun 1990. Da yawa daga cikin masu arha ma ba sai an kai wa mai gyara ba: ka buɗe faranti, ka danna wasu lambobi a rimot, na'ura ta manta da shiyyarta. Dalilin kuwa na tattali ne. Masana'anta, musamman a China inda aka koma ƙera mafi yawan na'urorin DVD na duniya, ba za ta yi allon lantarki iri shida ba. Iri ɗaya take yi, lambar shiyya kuma a manhaja ake sa ta a ƙarshe, kuma abin da aka sa da manhaja ana iya cire shi da manhaja.

Kamfanonin fim sun yi yunƙurin toshe wannan ƙofa. A ƙarshen 2000, Warner da Columbia suka fito da wata dabara mai suna RCE, inda faifan da kansa yake tambayar na'ura lambarta. In ya ga tana amsa kowace shiyya, sai ya nuna taswirar duniya ya ƙi ci gaba. Ba ta yi nisa ba, domin masu na'ura sun gano cewa in suka sa ta a shiyya ta 1 da hannu kafin su sa faifan, ya wuce. Shi kansa CSS, wanda duk ginin ya dogara a kansa, tun Oktoban 1999 aka fasa shi da manhajar DeCSS, wadda sunan wani yaro ɗan Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, ya shahara da ita. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a Janairun 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke shi a Disambar wannan shekara.

Masu satar fasaha kuwa ko a jikinsu. Wanda ya kwafi fim zai buga dubbai ya sayar, abu na farko da yake yi shi ne buɗe duk guraben takwas, tunda shi kowa abokin cinikinsa ne. Sakamakon ya zama a juye: jabun faifai yana yi a kowace na'ura a duniya, na gaskiya wanda aka biya cikakken kuɗinsa shi ne mai zaɓen gida. Wanda kullen yake kamawa shi ne mai na'ura ta babban kamfani da ba a taɓa ba, mai faifai na asali, wanda bai san dabarar rimot ba ko kuma matsayinsa bai bar shi ya yi ta ba. Shugaban gwamnatin da ke da dokar hana karya kariyar fasaha, wadda Birtaniya ta shigar cikin dokarta ta haƙƙin mallaka a 2003, ba zai so a ji yana neman lambobin buɗe na'ura a intanet ba.

Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan. A Amurka, dokar DMCA ta 1998 ta haramta tsallake kariyar fasaha, kuma da aka nemi a keɓe masu kallon faifan waje a zagayen sauraron ra'ayi na 2000 da na 2003, an ƙi. Ostireliya ta bi wata hanya. Kamfanin Sony ya kai ƙarar Eddy Stevens, wani mutumin Sydney da ke sa wa na'urar wasan bidiyo ta PlayStation ɗan guntun lantarki da ke sa ta karɓi faifan kowace ƙasa har da kwafi. Shari'ar ta hau har kotun ƙoli, wadda a ranar 6 ga Oktoban 2005 ta ba Stevens gaskiya a kan batun kariyar fasaha. Da majalisar ƙasar ta gyara dokar haƙƙin mallaka a 2006, sai ta rubuta ƙarara cewa kullen da aikinsa shi ne raba kasuwa ƙasa-ƙasa, ta hanyar hana kallon halastaccen faifan da aka sayo a waje, ba ya cikin abubuwan da doka ke karewa. New Zealand ta yi makamancin haka a 2008. A ra'ayina waɗannan biyun su suka kira abin da sunansa.

Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar, wannan duk zai iya zama baƙon labari, kuma akwai dalili. A takarda muna shiyya ta 5, tare da Indiya, yayin da Saudiyya da Dubai da Masar suke ta 2. Amma kasuwarmu ba ta bi ta wannan hanya ba. Daga kaset ɗin bidiyo, fina-finan Hausa da na kudu faifan VCD suka koma, wanda ya fito tun 1993 kuma ba shi da lambar shiyya ko wata kariya. Shi ne mai zuwa faifai biyu saboda guda ba ya ɗaukar fiye da minti 80. Da DVD ya iso kasuwanni irin Ƙofar Wambai a Kano da Alaba a Legas, na'urori 'yan China ne suka cika gari, masu cin duk abin da aka ba su, faya-fayan kuma galibi a buɗe suke. Wanda yakan ci karo da kullen shi ne wanda ɗan'uwa ya aiko wa faifai na asali daga Amurka ko Ingila ya sa a laftof, ko wanda ya dawo da na'ura ta babban kamfani daga waje. In daga Amurka ya taho da ita, ga kuma batun wuta: tasu bolt 120 ce, tamu 230, in ba mai karɓar duka biyun ba ce sai da tiransifoma.

Gyaran da ya kamata a yi a Washington ba mai wahala ba ne. Sashen kula da al'amuran baƙi na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda kyaututtukan shugaban ƙasa ke bi ta hannunsa, zai iya sa ofishin jakadancinsu na Landan ya sayi bugun shiyya ta 2, ko ya haɗa akwatin da na'ura ɗaya ta Amurka mai karɓar wutar Birtaniya. Abin da ya hana shi ne Ba'amurke ba ya ganin kullen. Yana zaune a shiyya ta 1, inda fina-finan suke fara fitowa kuma suka fi yawa da araha, don haka zai iya shekara goma yana sayen faifai bai taɓa juya kwali ya duba lambar ba. Waɗanda ke shiyya ta 2 zuwa ta 6 su suka haddace taswirar. Ranar 1 ga Afrilun 2009, da Obama ya je Landan taron G20, kyautar da ya kai wa Sarauniya Elizabeth iPod ce, 'yar na'urar sauraron kiɗa da kallon bidiyo, an zuba mata bidiyon ziyarar da ta kai Amurka a 2007.

Faifan Blu-ray, magajin DVD wanda ya fito a 2006, ya rage shiyyoyin zuwa uku: A ta nahiyar Amurka duka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C ta Rasha da China da Indiya. A wannan rabon Najeriya da Nijar sun koma gida ɗaya da Birtaniya da Saudiyya, sun rabu da Indiya. Kamfanoni da dama ma sun daina kulle Blu-ray ɗinsu, kuma faifan Ultra HD da ya zo a 2016 ba a sa masa shiyya ba sam, ko da yake Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yakan zo a kulle. Ba tausayi ne ya kawo sassaucin ba. Silimu sun koma na'urar dijital, manyan fina-finai suna fitowa kusan rana ɗaya a duniya, kasuwar faifai kuma ta yi ƙasa.

Rabon kasuwar dai bai mutu ba, gida ya sauya. Yanzu adireshin intanet ɗinka ake dubawa, kuma jerin fina-finan da Netflix ke nuna wa mai kallo a Kano ba shi ne na mai kallo a Chicago ba, saboda har gobe ƙasa-ƙasa ake sayar da haƙƙi. A Janairun 2016, watan da kamfanin ya faɗaɗa zuwa ƙarin ƙasashe 130 har da Najeriya, ya sanar da cewa zai toshe masu amfani da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, don leƙa jerin wata ƙasa. Tarayyar Turai ta ɗan sassauta wa mutanenta a Afrilun 2018, da dokar da ta ba mai biyan kuɗin kallo damar tafiya da jerin ƙasarsa idan ya je wata ƙasar ƙungiyar na ɗan lokaci. Mutanen Birtaniya sun ci wannan moriya ƙasa da shekara uku; ta ƙare musu ranar 1 ga Janairun 2021, da ficewarsu daga ƙungiyar ta kammala.